Gishiri, hancin saniya da turakun fata: kundin aikina a Jos

Litinin, 3 ga Nuwamba 2025

Na buɗe wannan littafi ne saboda tambayar da ƙanwata ta yi mini ranar Juma'a na kasa ba ta amsa. Jaririnta yau kwanansa 46 a duniya. Tun ranar suna muka san da matsala. Wanzami ya dafa masa ƙeya da babban yatsa zai yi aski, bai ko danna ba, amma kafin a gama rabon goro wurin ya tashi ya yi bororo, ruwa fal a ciki kamar wanda tafasasshen ruwa ya fallatsar wa. Daga nan duk inda bakin zane ya goga, duk inda robar famfas ta kama, sai fata ta ɗaye. Goggo ta ce zafi ne, uwar ta cika cin yaji da ciki. Wata maƙwabciya ta ce baki ne. Likitar fata da ta duba shi ta ce tana zargin efidamolisis bulosa, ciwon gado da ke hana saman fata kama ƙasanta.

Ƙanwata ta bari sai da mutane suka watse, sannan ta ce, "Yaya, kai da kullum aikinka yanka fata kana leƙawa a madubi, mene ne ke riƙe da fatar kowa wanda nawa bai samu ba?" Shekarata 14 ina aiki a ɗakin binciken tsoka a nan Jos, ina yanka, ina rini, ina miƙa wa likitoci su karanta. Na buɗe baki, sai Turancin jarrabawa ke fitowa. Ta kalle ni, ta gyara wa yaron kwanciya, ba ta sake cewa komai ba. Kunya ta kama ni har gida.

Don haka ga abin da na ɗaura niyya. Zan raba fata gida biyu da hannuna, in rina ta in ga daidai inda ta rabu, sannan in haɗa wani abu da za a riƙe a hannu a tsakar gida, wanda Goggo ma za ta juya ta gane. Oga ta yarda in yi amfani da kayan aiki bayan an tashi, da sharaɗin gishiri da nama daga aljihuna.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Dare uku ina neman sunaye. Fata hawa biyu ce. Ta sama, efidamis, ƙwayoyi ne zalla jere kan juna kamar tubali, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinta. Ta ƙasa, damis, saƙa ce mai ƙarfi ta zaren kolajin, a nan jini yake, a nan saiwar gashi take. Tsakaninsu akwai wata shimfiɗa siririya da zan riƙa kira tantanin tushe. Kaurinta wajen nanomita 100 ne, wato a raba milimita ɗaya gida dubu goma a ɗauki ɗaya. A kanta layin farko na ƙwayoyin fata yake zaune, kuma wannan layin ne ke haihuwar duk na samansa.

Wurin da ƙwaya ke kama shimfiɗar ana ce masa hemidesmosom. Ma'anar sunan rabin maɓalli, irin na ƙarfen nan da ake dannawa ya ce ɗas, domin tsakanin ƙwaya da ƙwaya maɓallin cikakke ne, kowace ta kawo rabi, amma a ƙasa babu wata ƙwaya da za ta kawo nata. Na gwada wannan misali a kan matata, ta ce to rabin maɓalli me zai riƙe? Ta yi gaskiya. Na koma ga turke.

Ga yadda na jera su, daga sama zuwa ƙasa. A cikin ƙwayar akwai igiyoyi, keratin 5 da keratin 14, tufke da juna. Igiya sai da ƙulli: furotin biyu ne, filektin da BP230. Ƙullin yana ɗaure a kan turakun da suka huda bangon ƙwayar suka leƙa waje, su ma biyu, integirin alfa 6 beta 4 da kolajin 17. Ƙafar turke tana kafe a cikin laminin 332, wanda yake kamar danƙo, shi kuma yana maƙale da tabarmar kolajin 4, wadda ita ce ƙashin bayan tantanin tushe. A ƙarƙashin tabarma kolajin 7 yake saukowa ya yi lanƙwasa ya koma, yana zagaye zaren damis kamar yadda ake ɗinke bakin buhu. Igiya, ƙulli, turke, danƙo, tabarma, ɗinki. Akuya ba ruwanta da wanne ya tsinke, ko wanne ne ta tafi.

Laminin ɗin nan ya ba ni dariya. Ɗakunan bincike uku ne suka gano shi kowa da kansa, kowa ya raɗa masa suna: nisin, kalinin, efiligirin. Daga baya aka gane ɗa ɗaya ne aka yi wa suna sau uku, aka ce laminin 5, sai a 2005 aka mayar da shi 332 saboda sarƙoƙinsa alfa 3, beta 3 da gama 2.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na yi sammako mahauta. Da fatar akuya na nufa, amma a hanya na tuna gashi: kowane gashi rami ne da efidamis ta nutsa cikin damis, ba za ta ɗagu a shimfiɗe ba, yayyagewa za ta yi. Abin da nake bukata fata marar gashi mai kauri, wato kan hancin saniya, wurin nan baƙi mai damshi. Ba ni na fara wannan dabara ba, tun a 1974 daga hancin saniya masu bincike suka fara ware maɓallan da ke tsakanin ƙwayoyin fata.

Mahaucin da muke sayen nama wurinsa ya saurare ni har ƙarshe, wuƙa a hannu, ya ce, "Malam, ni dai tsakanina da Allah, in asiri ne ka faɗa mini in san farashin da zan yi maka." Na ce asirin gishiri ne, Alhaji. Ya yanko mini guda biyu kafin a kai kawunan wajen babbaka, ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce in na gama in zo in nuna masa abin da na gani. Na sa su a kula da ƙanƙara na hau Keke Napep.

Ruwan gishirin: giram 58.4 a lita ɗaya. Ruwan da ake ƙara wa marar lafiya giram 9 ne a lita, na teku wajen 35, saboda haka wannan ya fi teku zartsi nesa ba kusa ba. Na kankare kitse da nama daga ƙasa, na yanka sala-sala kamar faɗin farce, na nutsa su, na sa a firji. Agogo ya fara da ƙarfe 11 na safe.

Laraba, 12 ga Nuwamba

An ɗauke wuta tun daren Asabar, janareta kuma ba a tashe shi ranar Lahadi ba. Da na buɗe kwalbar ran Litinin warin ne ya fara gaishe ni. Saman fatar ya saki, amma ruɓa ce ta sake shi ba gishiri ba, kuma wannan ba ya koya wa kowa komai. Na zubar. Laifina ne, na san halin wutarmu na kuma fara aiki ran Asabar. Yau na koma wurin Alhaji, ya ce, "Asirin bai ci ba ke nan." Wannan karon kwalba tana cikin kula, kular tana cikin firji, ƙanƙarar leda kewaye da ita.

Talata, 18 ga Nuwamba

Ta rabu.

Sai dai ta ba ni wahala. Fatar mutum awa 48 zuwa 72 ta ishe ta a irin wannan ruwa. Hancin saniya a awa 72 ko gezau, sai da na canza ruwa sau biyu, aka shiga kwana na biyar. Jiya da la'asar, bayan kowa ya tafi, na ɗora sala ɗaya kan faranti mai sanyi, na danne ƙasan da hantsaki ɗaya, na kama kusurwar saman da ɗayan. Da farko ta yi gardama. Can sai na ji ta ba da kai, ta fara tasowa a hankali, baƙa, mai ɗan santsi, tana barin wani abu fari sol a ƙasa. Babu jini, babu yagewa, kamar ana ɓare kwali daga jikin kwalbar da ta kwana a ruwa. Na ɗaga ɓallin sama wajen taga: bayansa duk ramuka ne ƙanana kamar saƙar zuma. Na duba farin da ya rage da madubin hannu, sai ga tsinaye birjik a tsaye, kowane tsini da ramin da ya fito.

Wannan shi ne abin da na manta a jerin ranar 6 ga wata. Kafin a zo maganar furotin, fatar sama da ta ƙasa sarƙe suke kamar yatsun hannu biyu, kuma sarƙewar tana ninka faɗin wurin da turaku za su kafu. A hancin saniya, da tafin hannu da na ƙafar mutum, yatsun dogaye ne, shi ya sa gishiri ya daɗe bai ratsa ba. Da tsufa suna lafawa su kwanta. Na tuna hannun marigayi Baba a shekarunsa na ƙarshe, yadda ɗan karo da bakin ƙofa ke saluɓe masa fatar dantse.

Ɗalibar da aka turo mana koyon aiki ta dawo ɗaukar jakarta ta same ni ina murmushi ni kaɗai. Na ba ta hantsakin ta ɓare na biyu. Ta ce, "Malam, ashe da gaske biyu ce." Shekara uku tana zana hoton a takarda.

Mun gwada zafi ma: sala ɗanye a ruwa mai digiri 60 na minti ɗaya, sannan cikin ruwan ƙanƙara. Ya ɗagu nan take, amma a dagule. Duk na zuba su a fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, kowanne da lambarsa.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Kwana goma suka tafi a kan rini. Rinin yau da kullum, shuɗi da ja, ba ya fito da tantanin tushe sosai. Wanda ke fito da shi wani rini ne da ake kira PAS, domin tantanin cike yake da furotin masu ɗauke da sukari: asid na farko yana buɗe sukarin cikin minti biyar, wani ruwan rini mai suna Shif ya kama wurin ya mayar da shi ja mai ruwan hoda, sai a wanke a famfo launin ya nuna. Na yanka a kaurin maikuron huɗu, wato kashi huɗu cikin dubu na milimita, na rina, na leƙa. Fayau, ba komai.

Kwana biyu ina zargin gishiri ya wanke tantanin. Sai tsohon ma'aikacinmu, wanda saura masa wata shida ya yi ritaya, ya ɗaga kwalbar Shif ɗin ya kalli haske ya ce, "Yaro, wannan ai ta mutu." Ruwan Shif mai rai garau yake, namu ya soma ja. Ya ɗiga kaɗan a cikin fomalin: mai kyau nan da nan yake rinewa ja mai duhu, namu sai da aka jima ya yi wani shuɗi-shuɗi. Na jira sabo daga Abuja, ya iso ran Laraba.

Shi ne kuma ya koya mini abin da ba a faɗa mana a makaranta ba. PAS yana kama gilaikojin, wato sukarin ajiya da ke cikin ƙwayoyi, sai hoton ya cakuɗe. Maganin a narkar da shi tukuna da sinadarin da ke narkar da sitaci, kuma kowa na yawo da shi a bakinsa. Ya ce su a zamaninsu miyau suke tofawa kan gilashin su bar shi ya jima a wuri mai ɗumi. Ɗalibarmu ta yamutsa fuska. Na yi, ya kuma yi aiki.

Lahadi, 7 ga Disamba

Sanyi ya sauka sosai, ina rubutu da safar hannu. Gilasai tara a gabana, uku ne masu magana.

Na farko fatar da ba a taɓa ba. Jan layi siriri yana bin iyakar sama da ƙasa, yana hawa kowane tsini yana sauka kowane kwari, bai yanke ko'ina ba. Turakun kansu ba sa ganuwa, domin madubinmu ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200, sai madubin lantarki. Layin ma ya ganu ne don rinin ya haɗa da zaren da ke manne a ƙarƙashinsa.

Na biyu na gishiri. Efidamis ta tashi ɗungurungum, ƙwayoyin layin farko cikakku a jere, jan layin kuma yana kwance a ƙasa, a kan damis. Ma'ana gishiri ya raba ne tsakanin turke da danƙo. Rufi ya tafi da igiya da ƙulli da turke, daɓe ya riƙe laminin da tabarma da ɗinki. Likitocin fata suna cin moriyar wannan rabuwa: a ciwon bororon tsofaffi da ake kira femfigoid, garkuwar jiki ce ke kai wa kolajin 17 da BP230 hari, don haka in aka ɗora jinin marar lafiya a kan fatar da gishiri ya raba, a rufi yake kamawa. In kolajin 7 ake wa harin, sai ya kama a daɓe.

Na uku na zafi: layi a ƙasa, amma ƙwayoyin sun dahu sun fashe. Na ajiye shi gefe.

A nan ne abin ya zauna mini. Bororo ba iri ɗaya ba ne, tambayar kullum ita ce a wane hawa aka rabu. Wanda fartanya ke yi wa mutum a farkon damina can sama yake, a tsakiyar efidamis, bai kusanci tushe ba, shi ya sa yake warkewa ba tabo. A ciwon gadon nan kuwa, in keratin 5 ko 14 ne ya lalace, ƙwayar layin farko ce ke fashewa a cikinta; wannan ne aka fi samu, galibi ya fi sauƙi, zafi na tsananta shi, kuma a 1991 aka gano tushensa. In laminin 332 ne ko kolajin 17 ko integirin, rabuwar tana faruwa daidai inda gishirina ya raba, kuma wanda ba shi da laminin sam yakan zo da tsanani tun a jarirta. In kolajin 7 ne, tabarmar kanta ce ke tashi ta bi rufi, a bar damis tsirara. Shi ne mai barin tabo, mai cin farce, wanda kan manne yatsu in ya yi tsanani. Akwai na huɗu da ba kasafai ake gani ba, mai sunan likita Theresa Kindler da ta bayyana shi a 1954, inda rabuwar ba ta tsayawa a hawa ɗaya.

Wato da jan layin nan kaɗai ana iya samun haske na farko: in yana rufin bororo, ɗinki ne ya tsinke. Tabbatarwa sai da rinin antibodi, mai kama kowane furotin shi kaɗai, ko gwajin ƙwayar gado.

Wani abin da na daɗe ina gani ban ba shi girmansa ba: layin nan ne iyakar da likitoci ke nema a naman zabiya da ake kawo mana. Muddin ƙwayoyin kansar fata suna samansa, ciwon bai shiga jiki ba. In suka huda shi, magana ta canza.

Litinin, 15 ga Disamba

Na je Naraguta wurin dukawa. Na sami wani dattijo da ya yi jima a ƙuruciyarsa kafin ya koma ɗinki, na ce, "Baba, in kun jiƙa fata a toka kun kankare gashi, me ke fita tare da shi?" Ya ce, "Dauɗar sama mana, wata baƙa-baƙa mai santsi. In ba ta fita ba bagaruwa ba ta shiga." Efidamis ke nan yake nufi. Duk jakar da baduku ya ɗinka, duk takalmi, har jar fatar akuyar Sakkwato da ta yi suna a Turai, damis ce zalla. Majema sun riga mu sanin fata biyu ce da ɗaruruwan shekaru.

Na zana masa abin da nake so. Ƙirgi mai kauri a ƙasa, tsinken tabarma a kai, an ɗinke su da jan zare mai lanƙwasa. Sama kuma fata mai laushi da aka jera wa ƙananan jakunkuna shida a madadin ƙwayoyi, kowanne da igiya a ciki da ta fito ta ɗaure a maɓallin ƙarfe, rabin maɓallin kuma a jikin tabarma. Guda huɗu: lafiyayye, mai yankakkiyar igiya, marar maɓalli, marar jan zare. Ya juya takardar ya ce wannan jaka ba za ta sayu ba. Mun yi ciniki, ya ce zai gama cikin kwana goma.

Asabar, 27 ga Disamba

Na kai su gida Unguwar Rogo bayan azahar. Na shimfiɗa huɗun a kan tabarma, ban yi wani dogon bayani ba, na ce kowa ya ja. Goggo ta kama lafiyayyen ta ja da ƙarfinta, ƙirgi ya biyo ta. Ta kama marar jan zare, ta ɗan taɓa, sama da tabarma suka taho hannunta, ƙirgi na ƙasa. Ta yi shiru, ta mayar, ta sake ɗagawa. Ta ce, "To ai wannan ba a ɗinke ba." Na ce shi ke nan, Goggo, haka aka haife shi, ba yaji ba ne, ba bakin kowa ba ne.

Sai ta yi tambayar da nake gudu: daga wa ya gado? Ƙanwata da mijinta 'ya'yan wa da ƙani ne. Na faɗi abin da yake: nau'o'in da suka fi tsanani sai yaro ya karɓi lalatacciyar ƙwayar gado daga uwa da uba duka, su kuwa lafiyarsu ƙalau don kowannensu yana da ɗaya mai kyau. In haka ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci ba ya ƙirƙirar ciwon, yana dai sa masu ɗauke da abu ɗaya su haɗu. Mijin ya sunkuyar da kai. Goggo, wadda ita ta haɗa auren, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta tashi ta shiga ɗaki. Ban bi ta ba.

Ribar da aka samu a zaman ita ce dokokin da likita ta bayar sun daina zama dokoki, kowa ya ga dalili. Turke yana jure danni, abin da ba ya jurewa goga da ja gefe. Shi ya sa ba a ɗaga yaron ta hammata, sai hannu ɗaya ƙarƙashin mazaunai ɗaya a ƙeya. Ba a manna masa filasta. Riga a juya ta bai, ɗinki a waje. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, a ɗiga ba a cuɗa ba, a daina gasa shi da tsumma mai zafi. Bororo kuma a huda shi da allura mai tsabta ta asibiti a tsiyaye ruwan a bar rufin a kwance, don in an bar shi ruwan ne ke ci gaba da ɓare fata ta gefe. Wannan na ƙarshe ƙanwata ta fi tsoro. Na zura yatsa tsakanin fata da tabarma na tura, maɓallai suka riƙa ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Na gani, Yaya."

Alhamis, 8 ga Janairu 2026

Ɗalibarmu ta kawo tambaya mai kyau: in ƙwayoyin a ɗaure suke haka, yaya ciwo ke rufewa? Amsar ita ce turakun ba na dindindin ba ne. Ƙwayoyin bakin ciwo suna kwance nasu, su ja jiki a kan damis da wani integirin daban, alfa 3 beta 1, suna tafe suna shimfiɗa sabon laminin. In sun haɗu a tsakiya sai su sake kafa turaku. Ɗinkin kolajin 7 ne ke jan ƙafa, yakan ɗauki watanni kafin ya yi ƙwari, shi ya sa sabuwar fatar ƙuna ke saurin yin bororo.

Mijin ƙanwata ya turo mini labarin da ya gani a waya yana tambaya ko gaskiya ne. Gaskiya ne. A 2015 a garin Bokum na Jamus, wani yaro ɗan shekara bakwai mai matsalar laminin 332 ya rasa mafi yawan fatarsa. Aka ɗauki 'yar fata kaɗan aka kai wa Michele De Luca da abokan aikinsa a Modena ta Italiya, suka sa wa ƙwayoyin lafiyayyar ƙwayar gado, suka rene su suka zama shimfiɗu, aka rufe masa kusan kashi 80 cikin 100 na jiki, ta kuma kama. A 2017 aka buga rahoton. A watan Mayun 2023 kuma Amurka ta amince da Vyjuvek, man shafawa da ke kai ƙwayar gadon kolajin 7 cikin ciwo. Kowace kwalba dubban daloli ce, ana kuma shafawa mako-mako. Na faɗa masa duka biyun, har da kuɗin. Na ga gara ya ji daga bakina da ya je ya sayar da fili a kan wani mai talla a Facebook.

Talata, 13 ga Janairu

Likita ta ga wasu ƙananan fararen ƙuraje kamar gero a inda gwiwar yaron ta warke, farce biyu kuma sun fita. Ta sa ranar ɗaukar fata, Alhamis ta sama. Ba daga tsohon bororo za ta ɗauka ba, don wanda ya kwana ƙwayoyi sun riga sun fara rarrafe a daɓensa, sai ya ruɗi mai karatu. Za ta murza lafiyayyen wuri da robar goge fensir har ya yi ja, ta ɗan jira, sannan ta yanka. Rabi zai zo mana, rabi za a aika inda ake rinin antibodi.

Oga ta kira ni ofis ta ce ba ni zan yanka ba, ba kuma ni zan rina ba, ɗan'uwa ba ya taɓa naman ɗan'uwa. Na so in yi musu, na fasa. Tsohonmu ne zai yi. Na gwada masa sabon Shif da fomalin a gabansa, ya rine nan take. Na ware masa gilasai biyu na hancin saniya, lafiyayye da na gishiri, ya rina su tare da na yaron don a san rinin ya ci.

Saura in kai wa Alhaji hoton da na yi alkawari, in kuma koma Naraguta, maɓalli biyu sun cire a hannun yaran gidan.